Yadda Ake Ƙulla Labarin Gajeren Fim Tun Kafin a Ɗauki Kyamara

Idan ka tambayi matashin da ke shirin yin gajeren fim a kan me fim ɗinsa yake, amsar da za ka fi ji ita ce: "A kan shaye-shaye ne," ko "A kan mutuwar aure ne," ko kuma "So muke mu faɗakar da al'umma illar bara." Dukkansu batutuwa ne masu nauyi, amma babu labari ko ɗaya a cikinsu, jigo ne kawai. Ita kuwa kyamara ba ta iya ɗaukar jigo. Abin da take ɗauka shi ne mutum yana yin wani abu, a wani wuri, a wani lokaci. Yawancin gajerun fina-finan da ke gundurar mai kallo tun daga nan suke samun tangarɗa, kafin a kai ga maganar hoto ko sauti. Kayan aiki sun yi sauƙi yanzu, wayar da ke aljihunka ma tana ɗaukar hoto mai kyau. Labarin ne har gobe yake da wuyar samu.

Bari mu fara da sanin girman filin da muke da shi. Masu ba da kyautar Oska a Amurka suna kiran fim gajere idan bai wuce minti 40 ba, har da jerin sunayen da ke ƙarshe. A gasar gajerun fina-finai ta bikin Cannes da ke Faransa kuwa, ba a karɓar wanda ya haura minti 15. Marubuta fim suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: shafi ɗaya na rubutu yana cin kusan minti ɗaya a allo. Ke nan fim na minti 10, shafi 10 ne kacal a hannunka.

Mu kuwa idonmu ya saba da dogon zango. Tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya taso ne da na ɗaya, na biyu, wani lokaci har na uku. Yau kuma ga irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, waɗanda ake bi mako-mako har tsawon shekaru. Shi ya sa sabon marubuci, da ya zauna tunani, sai ya ga gida mai mutum ashirin, da rikicin gado, da kishiya, da ɗan da ya ɓata ya dawo bayan shekara goma. Cusa wannan a cikin minti 10 tamkar cusa kayan ɗakin amarya ne a akwati ɗaya: murfin ba zai rufu ba, kayan kuma su lalace. Gajeren fim yana da nasa gini, ga kuma matakansa.

Mataki na farko: sauko daga jigo zuwa abin da ya faru

Riƙe jigonka, kada ka yar, amma ka yi masa tambaya uku: wa abin ya sama, a ina, kuma a wace rana? Muddin ba ka amsa su ba, ba ka fara ba.

Dubi yadda Usman Sembene na Senegal ya yi a 1963, a fim ɗinsa Borom Sarret mai kimanin minti 20. Abin da ke cin ransa babba ne: ƙasa ta sami 'yancin kai amma talaka yana nan inda yake. Bai tara 'yan siyasa suna jawabi ba. Ya ɗauki mai keken doki guda ɗaya a Dakar, ya bi shi daga safe zuwa yamma. Ya ɗauki fasinjojin da ba su biya ba, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai wani uba da gawar jaririnsa maƙabarta, wani maroƙi ya wasa kakanninsa har ya miƙa masa ɗan abin da ya samu. Daga ƙarshe wani mai kwat ya sa shi shiga unguwar manya, inda aka hana keken doki, ɗan sanda ya ƙwace keken. Duk abin da Sembene yake son faɗa game da ƙasarsa yana cikin wunin wannan mutum.

Don mu ga yadda matakan ke aiki, bari mu ƙulla namu labarin tare. A ce jigonmu amana ne. A ina ake gwada amanar mutum har ta fito fili? Wurare suna da yawa: wajen uwar adashi, wajen yaron mota, wajen mai awo. Mu ɗauki wanda kowa ya sani, wato shagon tela a daren jajibirin Sallah, lokacin da ɗinki ya yi tsibi, barci ya cika ido, kowa kuma yana jiran kayansa kafin a tafi Idi. Yanzu muna da wuri, muna da rana.

Mataki na biyu: mutum ɗaya, buƙata ɗaya

A gajeren fim babu lokacin da mai kallo zai saba da mutum biyar. Zaɓi guda, wanda abin zai fi yi wa ciwo, ka ba shi buƙatar da ido zai iya gani. "Yana son ya zama mutumin kirki" buri ne na zuci, kyamara ba za ta kama shi ba. "Yana son ya kai burodi gida" kuwa, kowa zai gane lokacin da ya kai da lokacin da ya kasa.

Wannan misali na burodi fim ne na gaske. A 1970 Abbas Kiyarostami na Iran ya yi fim ɗinsa na farko, mai kimanin minti 10, babu magana a ciki. Yaro ne ya sayo burodi, zai bi ta lungu ya koma gida, sai ya tarar da kare yana haushi. Ya tsaya yana jiran wanda zai raɓa ya wuce. Wani tsoho ya zo, ya bi bayansa, sai tsohon ya karkata wata hanya. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya gutsuri burodin ya jefa wa karen. Buƙatar ƙarama ce, amma a wajen yaron ita ce duniya, don haka mai kallo ma ya ɗauke ta da girma.

A shagonmu, wa za mu bi? Mai shagon ya saba da irin wannan dare, ba abin da zai girgiza shi. Mu bi yaronsa, mu kira shi Sani, ɗan shekara 14. Shekara biyu yana shagon, aikinsa guga da sa maɓalli da aike, ba a taɓa barinsa ya hau keken ɗinki ba. Uwarsa ta ɗauki adashi ta saya masa farin yadi, maigida ya yi alkawarin ɗinka masa idan an gama na mutane. Buƙatar Sani a bayyane take: ya sa sabon kaya gobe.

Mataki na uku: abin da ya tare hanya

Buƙata ba ta zama labari sai an tare ta. Can tsakar dare maigida ya tafi gida ya ɗan runtsa, ya ce zai dawo da asuba. Gyangyaɗi ya ɗebi Sani, dutsen guga na gawayi ya ƙone gaban wani kaftani da aka riga aka gama. Ga matsala ta faɗo, ga kuma lokaci yana tafiya.

A nan ne ya kamata ka tsaya ka binciki abin da ya fara zuwa maka a rai, domin shi ne ya fara zuwa wa kowa. Tunanin farko zai ce kaftanin na wani Alhaji ne mai faɗa, mai wulaƙanta yara. To, amma idan haka ne, mai kallo ya riga ya yanke hukunci: Alhaji yana da kaya goma a gida, ba ruwan kowa da asararsa. Sauya shi. A ce kaftanin na Malam Audu ne, mai ga-ruwan unguwa, wanda ya biya kuɗin ɗinki kaɗan-kaɗan, kuma tun da yamma ya leƙo yana murmushi yana tambaya ko an gama. Shi ke nan kayan Sallarsa. Tun da kuwa talaka ne kamar uwar Sani, yadin da ya saya irin na Sani ne, mai sauƙin kuɗi da ake yayi a shekarar. Ka ga babu mugu a labarin, amma ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Cikas ɗin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba ka da wanda za ka zarga a kansa.

Mataki na huɗu: zaɓin da ke da tsada ta kowane ɓangare

Wannan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ya cancanci ka fi daɗewa. Halin mutum yana fitowa ne a lokacin da aka sa shi tsakanin abu biyu, ko wanne ya ɗauka sai ya rasa wani abu. Idan zaɓin tsakanin alheri ne zalla da sharri zalla, ba a gwada kowa ba, kowa ya san amsa tun kafin a tambaya.

Lissafa wa Sani hanyoyin da ke gabansa. Ta ɗaya, ya jira maigida ya faɗi gaskiya: zai sha faɗa, wataƙila a kore shi, Malam Audu kuma ya tafi Idi da tsohon kaya, domin kasuwa ta tashi, ba inda za a sami yadi. Ta biyu, ga ƙaramin yaron shago, Ɗanladi, yana barci kusa da teburin guga, sai a ce shi ya ture dutsen. Ta uku, ya farke gaban kaftanin, ya yanko daga nasa yadin, ya hau keken da aka hana shi, ya mayar. Idan ya yi haka ya karya dokar maigida, ya kuma salwantar da adashin uwarsa.

Lura da cewa ko wace hanya tana da abin da ke jan mutum zuwa gare ta, tana kuma da abin da ke ci masa rai. Idan ka rubuta naka labarin ka ga hanya ɗaya ce kawai mai hankali zai bi, koma ka ƙara wa sauran nauyi. Ka kuma tabbata jaruminka ne ya yi zaɓin da kansa. Kada wani kawu ya faɗo daga sama da sabon yadi, kada a ce ashe maigida yana da ragowa a ƙarƙashin tebur. Duk lokacin da sa'a ta warware matsala, an ƙwace wa jarumi labarinsa.

Mataki na biyar: matse lokaci da wuri

Yanzu sai yanka. Ba ma buƙatar ganin ranar da aka kawo Sani koyon ɗinki, ko zaman da mata suka yi na adashi, ko rasuwar mahaifinsa idan maraya ne. Fara fim ɗin daf da inda matsala za ta faɗo, ka rufe shi da zarar an ga sakamakon zaɓi. Namu zai fara bayan sallar isha'i, ya ƙare tun hantsi bai yi ba. Wuri ɗaya ne, shago da ƙofarsa. Mutum huɗu ne, kuma ɗayansu barci yake yi.

Wannan matsi yana da amfani biyu. Yana ƙara zafin labari, domin mai kallo yana jin asuba tana matsowa. Yana kuma rage kashe kuɗi: lokeshin ɗaya, dare biyu ko uku na ɗauka, babu jigilar 'yan wasa daga wannan unguwa zuwa waccan. Duk abin da ya faru a baya wanda dole a sani, a saƙa shi cikin abin da ake gani. Sani ya buɗe ledar yadinsa, ya shafa, ya mayar ya ɓoye a bayan buhun ƙyallaye. Wannan ya wadatar.

Mataki na shida: a gani, kada a faɗa

Gani ya kori ji. Babban ciwon rubutunmu shi ne zama a falo ana bayani: "Ka san dai tun da mahaifinka ya rasu nake wahala da kai." Mutane ba sa gaya wa juna abin da dukkansu suka sani. Wannan magana mai kallo ake yi wa, kuma yana ganewa.

Maganin abin shi ne ka nemo wani abu da hannu ke taɓawa, ka ɗora masa nauyin labarin. Jibril Diop Mambeti, shi ma ɗan Senegal, ya yi haka a Le Franc na 1994. Wani makaɗi ne da bashin haya ya yi masa katutu, ya sayi tikitin caca, don gudun ɓata ya manna shi a jikin ƙofar ɗakinsa. Tikiti ya ci, ya kuma ƙi ɓamɓaruwa, sai ya cire ƙofar ɗungurungum ya ratsa Dakar da ita. Mutum ɗauke da ƙofa a tsakiyar birni ya fi shafi goma na bayani a kan talauci da buri. A Nijar ma, Mustafa Alasan, wanda ya fara da Aouré a 1962, ya yi Bon Voyage Sim a 1966, zanen barkwanci na kimanin minti 5. Da yake son yi wa shagulgulan ziyarar shugabanni shaguɓe, sai ya mayar da shugaban da 'yan rakiyarsa da masu faretin kwaɗi. Hoton kaɗai ya gama magana.

Namu abin taɓawar shi ne keken ɗinki. A minti na farko, maigida ya fita alwala, Sani ya lallaɓa ya zauna a kujerarsa yana taka keken ba zare. Maigida ya dawo, ya dube shi, ya ce: "Kai, tashi. Wa ya ba ka?" Da wannan 'yar fitowa mun san dokar shagon, mun san burin yaron, mun kuma san yana koyo a ɓoye, saboda haka idan ya hau keken da tsakar dare ba wanda zai ce daga ina ya iya. Duk abin da zai yi aiki a ƙarshe, a shuka shi tun farko.

Gwaji mai sauƙi: ka ɗauka an kashe sauti. Idan wanda ba ya jin Hausa zai iya bin labarinka da ido, ginin ya yi ƙarfi. Wannan kuma shi ne ke ba gajeren fim damar zuwa bukukuwa irin FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969, inda 'yan kallo ke zuwa da harsuna barkatai.

Mataki na bakwai: ƙarshen da labarin ya haifa da kansa

Akwai ƙarshe huɗu da suka zama jiki, ya kamata a guje su: jarumi ya farka ashe mafarki ne, haɗarin mota ya zo ya hukunta mai laifi, 'yan sanda su shigo su kama kowa, ko wani dattijo ya fuskanci kyamara ya yi nasiha. Duka huɗun daga waje aka jawo su. Ƙarshe mai kyau yana fitowa ne daga zaɓin da jarumi ya yi, ya ba mai kallo mamaki, amma idan ya waiwaya ya ga ai dama nan aka dosa.

A Borom Sarret, mutumin ya koma gida da doki ba keke, ba ko sisi. Matarsa ta miƙa masa jariri ta fita nemo abin da za su ci. Sembene bai faɗi inda za ta ba, wannan tambaya ce ya bar wa mai kallo ya tafi da ita. A fim ɗin burodi kuwa, karen ya raka yaron har gida, aka rufe ƙofa, ya kwanta a bakinta, sai ga wani yaron ya shigo lungun da kwano a hannu.

Namu fa? Sani ya bi hanya ta uku. Da asuba maigida ya dawo, ya ɗauko yadin yaron don ya cika alkawari, ya warware, ya ga an yanke rabi. Ya ɗauki kaftanin Malam Audu, ya juya cikinsa, ya bi ɗinkin da yatsa: wannan ba hannunsa ba ne. Malam Audu ya zo ya karɓa yana ta godiya, ya tafi. Maigida bai ce uffan ba. Ya tashi daga kujerarsa, ya miƙa wa Sani wani wando da ya rage kalmasa, ya nuna masa keken da haɓa. Yaron ya rasa kayan Sallah, ya sami abin da bai roƙa ba. Abin da aka hana shi a minti na farko shi aka ba shi a na ƙarshe, sauyin kuma ido ya gan shi. Wasu 'yan kallo za su ce ai kamata ya yi ya faɗi gaskiya tun farko, wasu su ce ya biya da abin da ya fi so. Wannan gardama riba ce, alama ce fim ɗin ya bi su har gida. Kalmar amana kuwa ba a furta ta ko sau ɗaya ba.

Mataki na takwas: gwada shi kafin ka rubuta

Kafin ka buɗe kwamfuta, taƙaita labarin a jimla ɗaya ko biyu, da mutumin, da buƙatarsa, da cikas, da abin da zai rasa. Namu zai zama: "A daren jajibirin Sallah, yaron tela ya ƙone kaftanin mai ga-ruwa, kuma yadi ɗaya tak da zai iya gyarawa da shi kafin asuba shi ne nasa na Sallah." Idan jimlarka ta ƙi tsayawa sai da "sannan kuma" uku ko huɗu, labarin dogon fim ne, ko kuma labari biyu ne suka cakuɗe, sai ka raba su.

Daga nan ka ba da shi da baki, yadda ake ba da tatsuniya, ga wanda ba ruwansa da harkar fim kuma ba ya jin nauyinka. Kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi, zai ce ya yi. Dubi fuskarsa. Inda ya ce "sai me ya faru?" wurin yana da rai. Inda ya duba wayarsa, wurin yankewa ne. Sannan ka kai labarin ga masu sana'ar da ka ɗauko. Tela zai gaya maka ko ana iya sauya gaban kaftani cikin awa uku, da yadda ƙunar dutsen gawayi ke kama, da abin da yaran shago ke kiran maigidansu. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa mai kallo ya yarda da kai.

A ƙarshe, lissafa abin da ke hannunka: shagon da za a ba ka aro, yaron da zai iya wasa da fuska ba da baki ba, hasken da zai wadatar da dare. Idan labarin yana buƙatar taron Idi na mutum dubu, sake dubawa, galibi sautin kabbara daga nesa ya isa. Idan kuma za ka fitar da fim ɗin a Kano, ka san akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, gara ka nemi sanin ƙa'idojinta tun labari yana takarda.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da niyyar gajeren fim, ɗage hayar kyamara zuwa wani watan. Sayi ƙaramin littafi, ka zauna a tasha, ko bakin asibiti, ko wajen mai shayi, ka rubuta abubuwa goma da ka gani da idonka. Bi kowanne da tambayoyin nan: wane ne, me yake so, me ya tare shi, me zai rasa? Tara za su zube a hanya. Wanda ya tsaya shi ne fim ɗinka, shi za ka ba lokacinka da kuɗinka.